Shekarun Soja a Ma'aunin Farar Hula: Tarihin Haƙƙin Ritaya a Makka daga Diwanin Umar zuwa Dokokin Saudiyya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin tambaya guda a tarihin Makka da yankin Hijaz: idan soja ya tuɓe kaki ya kama aikin gwamnati na farar hula, ina makomar shekarun da ya yi riƙe da makami? An faro daga diwanin Halifa Umar da saɓanin malaman fiƙihu game da albashin sojan da ya gaza, aka ratsa zamanin Turkawa da na Sharifai, sannan aka tsaya a kan dokokin ritaya na Saudiyya na 1973 da 1975 da tsarin haɗa shekarun aiki na 2003. Maƙalar ta nuna cewa abin da ya daɗe yana yanke hukunci a kan haƙƙin tsohon soja shi ne ɗorewar kundin da aka rubuta sunansa a ciki, da kuma sharaɗin shiga kundin. A yau sharaɗin shi ne zama ɗan ƙasa, wanda ya raba Hausawan Makka gida biyu.

Fitilun Kalmomi: Makka, Fansho, Tsohon Soja, Diwani, Hausawan Hijaz

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 1925, bayan kusan shekara guda ana tsare da ƙofofin Jidda, Sarki Ali ɗan Sharif Husaini ya yarda ya miƙa garin ga Sarkin Najad, Abdul'aziz Al Sa'ud. Ƙaramin jakadan Ingila ne ya shiga tsakani aka rubuta sharuɗɗan miƙa wuya. A cikinsu Abdul'aziz ya ɗauki alkawarin barin ma'aikatan farar hula a kan kujerunsu, muddin an ga cancanta da amana a tare da su. Sojoji kuwa, hafsoshi da ƙanana, alkawarin da aka yi musu shi ne aminci, da mayar da duk mai son komawa ƙasarsa gida, da raba musu fam 5,000 a tsakaninsu. Wato magatakarda ya wayi gari da sabon ubangida amma teburinsa na nan, shi kuwa sojan da ya kwana a ramin tsaro wata da watanni, sau da yawa ba albashi, rabonsa guzuri ne da gurbi a jirgin ruwa.

Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan maƙalar. Aikin soja aiki ne na ƙuruciya, ana sallamar mai yin sa da sauran ƙarfinsa da nauyin iyali a wuyansa, don haka yawanci sai ya nemi aiki na biyu, kuma ƙofar gwamnati ce ya fi sani. Daga nan tambayoyi ke tasowa: shin za a haɗa masa shekarun can da na nan? Zai ci fansho da albashi a lokaci guda? Wa zai biya, tsohon ubangida ko sabo? An zaɓi Makka ne saboda a cikin shekara goma kacal, daga 1916 zuwa 1926, ta ga gwamnatoci uku, kuma a nan ne aka kafa ofisoshin farko na gwamnatin Saudiyya ta zamani. Ga shi kuma birni ne da Hausawa suka daɗe da zama a cikinsa.

2.0 Diwani da Tambayar Malaman Fiƙihu

Wajen shekara ta 20 bayan Hijira, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya kafa diwani a Madina, wato kundin sunayen waɗanda za a riƙa ba su rabo na shekara-shekara daga baitulmali. Sayyidina Abubakar (RA) daidai wa daida yake rabawa, Umar kuwa ya fifita mutane gwargwadon rigayensu a Musulunci. Wanda ya halarci Badar yana karɓar dirhami 5,000 a shekara, wanda ya yi hijira kafin buɗe Makka 3,000, waɗanda suka musulunta a lokacin buɗe ta kuma 2,000. Da wannan ma'auni manyan Ƙuraishawan Makka irin su Safwanu ɗan Umayya da Suhailu ɗan Amru suka tsinci kansu a bayan mutanen da a da ba sa zama a majalisarsu. Da suka nuna rashin jin daɗi, amsar da suka samu ita ce an yi rabon ne a kan rigaye, ba a kan nasaba ba.

Abin lura a nan shi ne, mutumin Badar ana biyan sa ne saboda yaƙin da aka yi shekara 18 kafin kafa kundin. Ke nan tun daga tushe rabon diwani yana da fuska biyu, ladan aikin da ake kan yi da kuma sakayyar aikin da ya wuce, kuma ba a rarrabe su ba.

Malaman da suka zo daga baya sun ga wannan harɗe. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 450H (1058M), ya kawo shi a babin diwani na littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya. Idan soja ya kamu da naƙasar da ba ta warkewa, malamai sun rabu biyu. Wasu sun ce rabonsa ya faɗi, domin a madadin aiki ake ba shi, aikin kuma ya ƙare. Wasu sun ce a bar masa, don kada mutane su guji shiga soja. Irin wannan saɓani aka yi game da ciyar da 'ya'yan sojan da ya mutu. Duk wanda ya duba hujjar ɓangare na biyu zai ga ba a gina ta a kan cewa sojan ya tara wani haƙƙi da shekarunsa ba, an gina ta ne a kan maslahar rundunar gobe. Mawardi ya kuma ce soja na iya cire kansa daga diwani idan ba a bukatarsa. Wanda ya fita ya fita ke nan, babu wani lissafin shekaru da zai ɗauka ya kai wani ofishi.

Rauni mafi girma na tsarin shi ne, hannun da ya rubuta suna yana iya goge shi. A 218H (833M) Halifa Mu'utasim ya aika wa gwamnan Masar da umarnin a cire Larabawa daga diwani a tsayar da rabonsu, domin ya koma dogaro da sojojin Turkawa. Zuriyar waɗanda suka buɗe Masar ta rasa abin da ta gada kusan shekara 200 da wasiƙa guda.

3.0 Asusun Santambul da Faɗuwarsa

Makka ta shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1517, lokacin da Sharif Barakat ya aika ɗansa ya yi mubaya'a ga Sultan Salim na I a Alƙahira. (Mai karatu Bahaushe ya kiyaye, sunan ya yi daidai da na daular Sakkwato, amma a nan ta Santambul ake nufi.) A ƙarni na 19 daular ta kawo abin da diwani bai sani ba, wato asusun ritaya da ake yanka daga albashi a zuba a ciki, a kuma biya mutum gwargwadon shekarunsa. Na sojoji aka fara kafawa a 1866, na ma'aikatan farar hula bai zo ba sai farkon shekarun 1880. Asusu biyu ne dabam-dabam, kuma rabuwar nan ita ce asalin matsalar mai ƙaura daga wannan aiki zuwa wancan.

Amma mutanen Makka kaɗan ne abin ya shafa. An ɗauke wa mazauna Hijaz aikin soja na dole, don haka dakarun da ke cikin ganuwar Ajyad da barikin Jarwal baƙi ne daga Anadol da Sham da Iraƙi. Abin da ɗan Makka ya sani daga Santambul shi ne surra, jakar kuɗin da ake aikowa kowace shekara tare da ayarin alhazai a raba wa sharifai da malamai da masu hidimar Harami da matalauta. Shi kuma Sharif yana da nasa dakarun, irin su mutanen Bisha, waɗanda tsufansu ya rataya a kan alherin ubangidansu.

Ranar 10 ga Yuni 1916 Sharif Husaini ya yi wa Turkawa tawaye. Cikin Yuli Ajyad da Jarwal suka miƙa wuya, Madina kuwa ta dage a hannun Fakhri Basha har Janairun 1919. Hafsoshin Larabawa da suka bar rundunar Turkawa suka bi Sharif sun yi caca da shekarun aikinsu. Wasu sun ci. Ja'afar al-Askari ya zama ministan tsaro na farko a Iraƙi, daga baya Firayim Minista, haka ma Nuri as-Sa'id. Sai dai sakayyarsu muƙami ce daga sabuwar ƙasa, ba fansho daga tsohon asusu ba. Yarjejeniyar Lozan ta 24 ga Yuli 1923 ta rufe wannan ƙofa ƙarara, domin sashe na 61 ya ce masu karɓar fanshon Turkiyya, na soja ko na farar hula, da suka koma 'yan wata ƙasa a sakamakon yarjejeniyar, ba su da sauran abin nema a wurin gwamnatin Turkiyya. Kuɗin an yanka daga albashinsu, amma asusun ya tsaya a bayan sabuwar iyaka.

Gwamnatin Husaini ba ta iya cike gurbin ba. Da zinariyar Ingila ta yi yaƙin, fam 125,000 a wata a 1916, kuma da aka janye tallafin bayan yaƙi sai albashin yau ma ya gagara, balle tanadin tsufa. Ƙarshen rundunarta shi ne fam 5,000 ɗin da aka raba a Jidda.

4.0 Makka a Matsayin Mazaunin Ofisoshi, 1924 zuwa 1958

Dakarun Najad sun shiga Makka a Oktoban 1924. A Disamban shekarar aka fara buga jaridar Ummul Ƙura, wadda har yau a cikinta ake shelar dokokin ƙasar. Ranar 8 ga Janairu 1926 aka yi wa Abdul'aziz mubaya'a a Masallacin Harami a matsayin Sarkin Hijaz, kuma ƙa'idojin mulkin da aka fitar a Agustan shekarar suka ayyana Makka a matsayin babban birnin Hijaz, da Yarima Faisal a matsayin wakilin sarki. Magatakardan da aka gada daga Turkawa da Sharifai su suka riƙe ofisoshin.

Mayaƙan da suka ci ƙasar kuwa ba ma'aikata ba ne. Mutanen garuruwan Najad da 'yan Ikhwan suna fitowa yaƙi ne idan an kira, sakayyarsu ganima ce da kyautar sarki, wadda ake kira sharha, da rabon shinkafa da tufafi. Bayan yaƙin Sabila na Maris 1929, inda aka murƙushe Ikhwan ɗin da suka yi tawaye, waɗanda suka tsaya tare da sarki sun ci gaba da karɓar rabo, kuma daga cikinsu ne rundunar tsaron ƙasa ta samo tushe a tsakiyar shekarun 1950. Tsarin ya fi kama da diwanin Umar nesa ba kusa ba a kan asusun Santambul, domin suna da biyayya ake dubawa, ba yawan shekaru ba. Tsohon mayaƙin da aka naɗa shi sarautar wani ƙauye ko aka sa shi cikin masu tsaron ƙofar gwamna, naɗin shi ne fanshonsa.

Ko da an so yin fiye da haka, babu kuɗin. Baitulmalin da Abdullahi as-Sulaiman ke riƙe da shi a kan harajin alhazai ya dogara, kuma karayar tattalin arzikin duniya ta rage masu zuwa daga ƙetare daga fiye da 100,000 a ƙarshen shekarun 1920 zuwa kusan 20,000 a 1933. Ma'aikata sun yi watanni suna bin bashin albashi. Sai da aka samu man fetur a Dammam a Maris 1938, kuɗinsa kuma ya fara shigowa sosai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sannan aka fitar da dokar ritaya ta farko a 1364H (1945M), aka damƙa zartar da ita ga ma'aikatar kuɗi. A 1378H (1958M) aka kafa hukumar fansho ta musamman, a 1380H kuma sojoji suka samu dokarsu ta kansu. A daidai wannan tsakani ne ma'aikatu suka tattara suka koma Riyad. Tsarin ya yi ƙuruciyarsa a Hijaz, ya girma a Najad.

Akwai abin mamaki a wannan jeri. A Santambul soja ne ya riga magatakarda samun asusu da kusan shekara 15. A Saudiyya tsarin ma'aikatan ofis ne ya fara kankama, saboda ofis ɗin gado ne daga daular da ta saba da lissafin shekaru, rundunar kuwa daga al'adar kyauta ta fito.

5.0 Dokoki Biyu, Ma'auni Biyu

Dokokin da suka yi wa ma'aikacin Saudiyya hukunci rabin ƙarni su ne dokar ritayar farar hula ta 1393H (1973M), a zamanin Sarki Faisal, da ta sojoji ta 1395H (1975M), wadda ta fito 'yan makonni bayan kashe shi, a farkon mulkin Sarki Khalid. Dukansu suna yankar kashi 9 cikin 100 na albashi, kuma hukuma guda ke kula da su, amma ma'auninsu ya sha bamban. Fanshon farar hula ana samun sa ne ta hanyar raba albashin ƙarshe gida 40 a ninka da shekarun aiki. Na soja gida 35 ake rabawa. Kafin 2024, ma'aikacin ofis yana ritaya a shekara 60 da haihuwa, ko ya nemi ta wuri bayan shekara 25 yana aiki. Soja yana cancantar fansho da shekara 18 na aiki, kuma dokar ta yanka wa kowane muƙami shekarun sallama, 44 ga ƙaramin soja. Mutumin da aka sallama yana da 44 yana da sauran shekara 16 kafin tsaransa na ofis ya ajiye alƙalami. A cikin wannan tazara ce duk matsalar take.

Dokar sojan ta yarda da haɗa aiki iri biyu. Wanda aikinsa na soja da na farar hula suka kai shekara 20 a haɗe ya cancanci fansho, da sharaɗin na sojan bai gaza 8 ba. Ita kuma ta farar hula ta tanadi hanyoyi ga wanda ya dawo aiki. Idan a da kuɗin sallama ya karɓa a dunƙule, yana iya neman a lissafa masa tsofaffin shekarun, amma sai ya nema cikin wa'adi kuma ya mayar da abin da ya karɓa. Idan kuwa mai fansho ne, ana tsayar da fanshon muddin yana kan sabuwar kujerar, domin ba a haɗa fansho da albashi daga aikin da ke ƙarƙashin asusun. Ranar da ya sake ajiye aiki sai a yi masa lissafi biyu a ba shi wanda ya fi masa: ko a haɗa shekarun duka a kan albashinsa na ƙarshe, ko a yi wa sabon aikin lissafinsa dabam a ɗora a kan tsohon fansho.

Misali zai fayyace nauyin zaɓin. A ƙaddara soja ne ya yi shekara 18, albashinsa na ƙarshe riyal 7,000. Fanshonsa 3,600 ke nan a wata, alhali da ma'aunin ofis 3,150 zai samu. Sai ya kama aikin farar hula ya yi shekara 15. In ya yi sa'ar ƙarin girma har albashinsa ya kai 10,000, haɗa shekara 33 zai ba shi 8,250, rarrabewa kuwa 7,350. In kuma ƙaramin gurbi ya samu ya ƙare a 6,000, haɗawa 4,950 za ta ba shi, rarrabewa 5,850. Dokar ta yi adalci da ta bar masa mafi alheri. Sai dai akwai kuɗin da ba ya fitowa a wannan lissafi, wato fanshon shekara 15 da aka tsayar, wanda a misalin nan ya kai riyal 648,000. Wanda ya je kamfani mai zaman kansa ba ya rasa wannan, domin kamfani yana ƙarƙashin wani asusu ne dabam, na inshorar ma'aikata da aka kafa da dokar 1389H (1969M). Ke nan dokar da kanta tana karkata tsohon soja daga ofishin gwamnati zuwa gadin kamfani da tuƙi da kasuwanci. Ta fuskar baitulmali hujjar a fili take, kada a biya mutum ɗaya sau biyu daga aljihu ɗaya. Amma hujjar tana tsayawa ne kawai idan an ɗauki fansho a matsayin tallafin wanda ba shi da albashi. Idan haƙƙi ne da aka saya da kashi 9 na kowane wata, tsayar da shi na bukatar wata hujjar. Saɓanin da Mawardi ya kawo ne ya dawo cikin sabuwar riga.

Katangar da ke tsakanin asusun gwamnati da na kamfanoni ba ta samu ƙofa ba sai a 1424H (2003M), da dokar musayar amfani tsakanin tsare-tsaren, a lokacin da gwamnati ke mayar da hukumomi irin na sadarwa kamfanoni. Ta ba da damar haɗa shekaru, amma da sharuɗɗa: kada mutum ya riga ya karɓi fansho ko kuɗin sallama daga tsarin farko, ya kasance ya yi aƙalla shekara guda a cikinsa, kuma ya nema cikin shekara biyu da shiga na biyu. Haɗaɗɗun shekarun ba sa ba shi damar ritayar wuri kafin 60, sai a wasu halaye kamar naƙasa ko sayar da hukumar da yake wa aiki. A 2021 aka narkar da hukumar fansho cikin hukumar inshorar ma'aikata, a Yulin 2024 kuma sabuwar doka ta kai shekarun ritayar sababbin ma'aikatan farar hula zuwa 65. In an auna da shekara 44 ɗin da dokar 1975 ta yanka wa ƙaramin soja, tazarar ta haura shekara 20.

6.0 Waiwaye Zuwa Gida

Mai karatu daga Kano ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan labari. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda 'yan Nijeriya fiye da 100,000 suka yi wa Ingila, ciki har da 'yan Bama, dokar 1945 ta ɗaukar tsofaffin sojoji aiki ta sa gurbin masinja da ɗan doka da mai gadi ya zama sakayyar mafi yawansu. Dokokin soja na 102 da 103 na 1979 sun raba fanshon farar hula da na soja kamar yadda Saudiyya ta yi shekaru kaɗan kafin nan. Dokar 2004 ta haɗa su a tsarin adashen gata, inda soja ke zuba kashi 2.5 gwamnati ta zuba 12.5, amma gyaran 2011 ya sake fitar da sojoji. A Nijar kuwa, abin da Lozan ta yi wa hafsoshin Larabawa shi dokar Faransa ta Disamban 1959 ta kusa yi wa tsofaffin sojojinta na Afirka, da ta daskarar da fanshonsu a kan adadin lokacin samun 'yanci. Sai da wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya yi nasara a kotun ƙolin gudanarwa ta Faransa a Nuwamban 2001, kuma daidaitawar ba ta kammala ba sai 2011, bayan yawancin masu haƙƙin sun kwanta dama.

7.0 Hausawan Makka da Ƙofar Kundi

Duk lissafin da aka yi a sashe na 5.0 ɗan ƙasa kawai ya shafa. Aikin soja da gurbin gwamnati mai fansho na 'yan Saudiyya ne, kuma a nan ne tarihin ya taɓa Hausawa kai tsaye.

Mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takari, sun daɗe a unguwanni irin su Misfala da Jarwal, daga baya Hindawiyya da Shara Mansur. Yawansu ya ƙaru bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na I. Da yawa daga masu hijirar sun tsaya a Sudan tare da ɗansa Mai Wurno, wasu suka ƙetare Bahar Maliya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1374H (1954M) ta ja layi da shekaru biyu. Ta ɗauki wanda ba talakan Turkawa ba ne a matsayin ɗan Saudiyya idan yana zaune a ƙasar a 1332H (1914M), ya ci gaba da zama har 1345H (1926M), kuma bai ɗauki takardar wata ƙasa ba. Wanda ya baro Burmi ya iso Makka kafin 1914 yana cikin layin. Wanda ya tsaya noman auduga a Jazira shekara 20 yana tara guzuri, kamar yadda dubbai suka yi, ya iso a makare. Haka ma wanda ya zo da fasfon alhazai na Ingila ko na Faransa, takardar da ta sauƙaƙa masa hanya ita ta shaida cewa yana da wata ƙasar. Wasu sun samu shiga daga baya ta hanyar nema, wasu kuma ba su ga amfanin takarda ba a garin da suke ganin na Allah ne, har lokacin da amfanin ya bayyana ƙofar ta ƙuntata.

Sakamakon shi ne zuriya biyu masu harshe ɗaya da unguwa ɗaya. Ɗaya tana ɗauke da laƙabin Hausawi ko Fallata ko Barnawi a katin ɗan ƙasa, 'ya'yanta suna shiga soja da 'yan sanda da koyarwa, kuma duk ƙa'idojin gida 35 da gida 40 da haɗa shekaru nasu ne. Ɗayar tana zaune da iƙama ko ba ta da komai, ko da kakanta a Makka aka haife shi. Na ɗan lokaci baƙon da ke aiki a kamfani yana cikin reshen fansho na inshorar ma'aikata, amma a 1407H (1987M) aka cire waɗanda ba 'yan ƙasa ba daga reshen. Abin da ya rage musu shi ne reshen haɗarin aiki, wanda mai kamfani ke zuba wa kashi 2 cikin 100, da kuɗin sallama na dokar ƙwadago: rabin albashin wata ga kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan nan, a biya sau ɗaya ranar da aiki ya ƙare.